Ku Tambaya, Mu Amsa: Hanyar Arewa, Takardun Iyaka da Dokar da Aka Soke

An gama girbi a Adar, an kai damma rumbu, samari sun fara ɗaure kayan ci-rani. Shi ya sa wasiƙun wannan wata kusan duk a kan tafiya suke. Mun zaɓi 6, mun taƙaita su, mun cire sunaye kamar yadda muka saba, mun bar garuruwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni direba ne, shekarata 12 ina jigila tsakanin Tawa da Agadas. Yanzu an yi mini tayin Hilux, in riƙa ɗaukar mutane daga Agadas zuwa Dirku da gaba. Abokai sun ce tun da aka soke dokar nan babu sauran laifi. Haka ne? Daga wani direba, tashar Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abokanka gaskiya suka faɗa, sai dai sun ajiye ta a rabin hanya. Dokar da suke nufi ita ce mai lamba 2015-36 ta 26 ga Mayun 2015, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 ga mai safarar baƙin haure, a kuma riƙe motarsa. A tsakiyar 2016 aka fara aiki da ita gadan-gadan. Ranar 25 ga Nuwamban 2023 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu aka soke ta, aka shafe hukuncin waɗanda aka ɗaure a ƙarƙashinta. Don haka ɗaukar ɗan Gini ko ɗan Najeriya daga Agadas zuwa Dirku, in dai yana da takardunsa, ba ya kai mutum gidan kaso yau.

Ka riƙe wannan "in dai" da kyau. Ranar 13 ga Janairun 2025 an fito da wata doka ta shigowa da zaman baƙi a Nijar. Ta wajabta wa baƙo takardun tafiya ko na zama, ta wajabta wa wanda ya sauke shi a gidansa ya sanar da ƴan sanda, ta kuma sa ɗaurin shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 5 zuwa 50 ga wanda ya taimaka wa baƙo da gangan ya shigo ko ya yi yawo ba bisa ƙa'ida ba. Kafin kowa ya hau, ka ga katinsa ko fasfonsa da idonka, ka rubuta sunaye a takarda kwafi 2, ɗaya a hannunka ɗaya a tasha.

Dokar yaƙi da fataucin mutane ta 16 ga Disamban 2010 kuwa tana nan daram, ba wanda ya taɓa ta. Safara da fatauci ba ɗaya ba ne. A safara mutum ya biya ka, ka kai shi, kowa ya kama gabansa. A fatauci an yaudare shi ne ko an tilasta shi don a ci guminsa ko jikinsa a can. Ga yadda abin yake zuwa: ɗan kamasho ya kawo maka ƴan mata 5, takardunsu duka a aljihun namiji ɗaya, babu wadda ta san sunan garin da za ta, kuɗin mota kuma "sai an isa za a biya". Wannan "sai an isa" shi ne ƙofar gidan bashi a Sabha ta Libiya, inda ake kulle mutum ana dukansa, a kira iyayensa ta salula su ji kukansa su aiko kuɗi. Direban da ya sauke su ya karɓi ladansa daga hannun mai gidan ya shiga cinikin, ko ya ce bai sani ba. Sannan soke doka a Yamai bai shafi Libiya ba; tana da tata dokar ta 2010 a kan baƙin haure, kuma da ka ƙetare iyaka ita ke aiki a kanka.

Tun da kai ma'abocin kwalta ne, bari mu yi maka lissafin hamadar Tenere. Agadas zuwa Dirku kimanin kilomita 650 ne, kwana 2 zuwa 3 in ba a samu matsala ba. Hilux an ƙera ta ne ta ɗauki abin da bai wuce tan 1 ba. Ana ɗora mata mutum 25, kowa ya rataye ƙafafu waje ya rungume sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa. Mutum 25 a kan kilo 60 kowanne, tan 1 da rabi ke nan, ba a sa mai ba, ba a sa ruwa ba. Ruwan sha kuwa, a ce lita 5 ga kowa a yini, wanda a zafin bazara ma bai isa ba: kwana 3 lita 375 ne, kusan bido 19 masu lita 20. Ƙara na kwana 2 saboda tsautsayi, ka kai lita 625. Babu inda za a sa wannan. Sai direba ya rage ruwa don ya ƙara kai, nauyi ya karya sifirin ko ya ƙone kuloci ko ya fasa taya, a tsaya inda babu inuwa da ruwan yini ɗaya. Haka aka rasa mutum 44 tsakanin Agadas da Dirku a 2017 da motarsu ta lalace. In ka karɓi aikin, ka rage mutane, ka bi ayari mai rakiyar soja, kada ka fita da mota ɗaya tilo. Ka riƙe taya 2 na ajiya, famfon iska, shebur, farantan fid da mota daga rairayi, da wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya mai caji da kuɗi a ciki. In mota ta mutu, kowa ya zauna a gindinta. Mota ake hangowa daga nesa, ba mai tafiya a ƙasa ba.

TAMBAYA: Ina sarin atamfa da kwanuka a Sakkwato da Kano, ta Ƙonni nake bi. An ce tun da muka fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, fasfona ya mutu, kuma nan gaba sai da biza. Fasfon nawa saura shekara 2. In canza shi? Daga wata ƴar kasuwa, Tawa.

AMSA: Hajiya, kada ki ɓata kuɗinki, fasfonki bai mutu ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu ranar 28 ga Janairun 2024, ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar CEDEAO ta umurci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta na ƴan ƙasashen 3, su bar su su shiga su zauna ba biza, har sai an sake sanarwa. AES, ƙawancen ƙasashen nan 3, ma tun Disamban 2024 ya ce ƴan CEDEAO ba sa bukatar biza a ƙasashensa, a Janairun 2025 kuma ya ce tsohon fasfo yana aiki har ranar ƙarewarsa. Abin lura shi ne wannan sassauci ne, ba haƙƙin da ke rubuce kamar da ba. Kafin kowace tafiya ki tambayi direbobin da suka dawo jiya, sun fi rediyo saurin labari. Kin dai ga yadda aka rufe iyakar nan a Agustan 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024.

Ƙa'idar da ake bi har yanzu ta yarjejeniyar 1979 ce: takardar tafiya mai rai, katin rigakafi (mai ruwan ɗorawa, na shawara), da zaman da bai wuce kwana 90 ba. Wanda zai wuce haka sai ya nemi katin zama a ofishin shige da fice na Najeriya.

Abin da ya fi tsayar da mutanenmu a shinge ba siyasa ba ce, takardun kansu ne ke faɗa da juna. Takardar haihuwa ta ce Mahamadou, katin shaida ya ce Mamane. Ɗaya ta ce "an haife shi wajejen 1980", ɗaya ta sa 1 ga Janairun 1982. Jami'in da ke neman dalili ya samu. Ki shimfiɗa takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, kati da fasfo a tabarma ɗaya, wani mai karatu ya duba miki harafi da harafi. In akwai saɓani, daga takardar haihuwa ake fara gyara, a ma'aikatar magajin gari ko a kotu, sannan sauran su biyo. Abu na biyu shi ne hanyar daji. Ɗan kabu-kabu zai ce zai zagaye da ke a kan ƴan kuɗi kaɗan, ki huta da layi. Layin kin huta da shi, amma babu hatimin shiga a fasfonki, kuma a shingen gaba kin zama wadda ta shigo ta ɓarauniyar hanya da kaya a hannu. Ki bi ta ƙofa, ki sa a buga hatimi, duk abin da kika biya a duwan ki nemi rasit. Ki ɗauki hoton kowace takarda a salula, ki tura wa wani na gida.

TAMBAYA: Ɗana yana aikin gini a Aljeriya shekara 2. Kwana 20 ke nan wayarsa ba ta shiga. Wani ɗan garinmu ya ce an yi kame a unguwarsu. Ina ake kai su? Wa zan tambaya? Daga wata uwa, ƙasar Keita.

AMSA: Inna, Allah ya kwantar miki da hankali, ya bayyana shi lafiya. Shirun waya bayan kame abu ne da aka saba gani, domin waɗanda aka koro da yawa suna cewa salula da kuɗin aljihu ne farkon abin da ake raba su da shi.

Ɗan Nijar yana bukatar biza kafin ya shiga Aljeriya, kuma galibin masu ci-rani ba da ita suke shiga ba, don haka dokar ƙasar ta 2008 ta ba hukuma ikon fitar da su. Ana kamawa a wuraren gini, a ɗakunan haya, a kan titi. Sai a tara su, a ɗauke su a motocin bis zuwa Tamanrasat, daga nan zuwa In Gezzam a bakin iyaka. A nan hanya ta rabu biyu. Ƴan Nijar, bisa yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2014, ana kawo su cikin ayarin manyan motoci har Asamaka a miƙa su ga hukumominmu, a rubuta sunayensu, a wuce da su Arlit da Agadas, daga nan kowa a tura shi jiharsa. Ƴan sauran ƙasashe kuwa ana sauke su a wani fili da ake kira Point Zéro, kilomita 15 daga Asamaka, su ƙarasa da ƙafa, sau da yawa cikin dare. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai. Asamaka ƙaramin gari ne, jama'ar da ake zubawa ta fi ƙarfinsa, shi ya sa tun daga kame har isa gida abin kan ɗauki makonni.

Ga abin da za ki yi, kada ki jira. Ki aiki namiji mai karatu ofishin Croix-Rouge ta Nijar a Tawa, suna da sashen sada ƴan'uwan da suka ɓace, kuma kyauta ne. Ya tafi da cikakken sunan yaron kamar yadda yake a takarda, da sunan da ake kiransa da shi a gari, sunan uba da naki, ƙauye, lambar da ya kira da ita a ƙarshe da ranar, hoto, wata alama a jiki kamar tabo ko zane, da sunayen waɗanda suke ɗaki ɗaya. Wannan na ƙarshe ya fi amfani fiye da yadda ake zato, don a rukuni ake kama mutane, in an ga ɗaya an ga sauran. Ki kuma sa a sanar da ƴan garinku mazauna Arlit da Agadas, su riƙa leƙa inda ake sauke ayari. Kowane gari na Adar yana da mutanensa a can.

Gargaɗi ɗaya, Inna. Da labari ya bazu cewa kina neman ɗa, wani zai iya kiranki ya ce yaron yana hannunsa, ki turo jaka 200 a sake shi. Kada ki tura ko dala sai kin ji muryarsa, ko a tambaye shi abin da shi kaɗai ya sani, kamar sunan gonar kakansa. Korar hukuma ba a biyan fansa a kanta. In ya dawo, kuɗin aikin da ya bari a hannun mai gini da wuya su fito, tun da babu takardar ƙwadago. Masu ƴaƴa a can su gaya musu su riƙa aiko abin da suka samu duk wata, kada su bar wa ubangida ajiya.

TAMBAYA: Kullum muna musu a fada. Wasu sun ce dokar 2015 Turawa ne suka rubuta mana, wasu sun ce ta ceci rayuka. Wa ke da gaskiya? Daga wani malamin lakwal, Madawa.

AMSA: Malam, kowane ɓangare yana riƙe da hujja ta gaske. Masu kare dokar suna tuna Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara, 33 mata, yawancinsu daga yankin Kance. Wannan makoki namu ne, ba na Turai ba, kuma shi ya fara sa gwamnati ta ce sai an yi wani abu. Masu suka kuwa suna nuna kalanda: an yi dokar a Mayun 2015, ta kwanta shiru, aka yi taron Turai da Afirka kan ƙaura a Valletta a Nuwamban shekarar, Tarayyar Turai ta buɗe asusun kuɗi na musamman, tawagarta ta EUCAP Sahel mai horar da jami'an tsaro ta kafa reshe a Agadas a 2016, sannan aka fara kama direbobi.

Ta rage tafiya? A takarda, ƙwarai. Hukumar ƙaura ta duniya, OIM, ta ƙirga fiye da mutum 330,000 da suka nufi arewa ta Sigidin da Arlit a 2016, a 2017 kimanin 70,000. Amma a shinge ake ƙirga, kuma abin da dokar ta koya wa direbobi shi ne kauce wa shinge, da rijiyoyin da soja ke gadi, da ayarin Litinin mai rakiyar soja. Wanda ya bi ta bayan dutse ba ya cikin lissafi, ko ya isa ko bai isa ba. Kuɗin mota ya hau, sana'ar ta bar hannun direban da kowa ya san gidansa ta koma hannun masu ƙarfin biyan cin hanci. Masu isa Italiya ta teku sun sauko daga 181,000 a 2016 zuwa 23,000 a 2018, sai dai babban dalili shi ne yarjejeniyar Italiya da Libiya ta Fabrairun 2017 da masu gadin tekun Libiya. A 2023, dokarmu tana aiki kusan duk shekarar, adadin ya sake haura 150,000, hanya ta koma Tunisiya.

A ganinmu babban aibin dokar shi ne yadda aka yi aiki da ita: ana tare ɗan CEDEAO mai cikakkun takardu da zarar ya wuce Agadas, ɗaruruwan kilomita kafin iyaka, a hukunta direba a kan niyyar da ake zaton fasinja yana da ita. Ta kuma faɗa kan ɗan Buza da ɗan Abalak da ke zuwa Libiya aikin gona ko gini ya dawo da damina, wanda bai taɓa mafarkin Turai ba. An yi wa tsofaffin direbobi da masu masauki alƙawarin jarin miliyan 1 da rabi su canza sana'a. Dubbai suka rubuta suna, ƴan ɗaruruwa suka samu a zagayen farko. Amma masu murnar sokewa su ma akwai tambayar da ke jiransu: wa ke auna lodin mota a tashar Agadas, wa ke ƙirga bidon ruwa, wa ke fita nema in ayari ya iso da mota ɗaya babu? Ku kai wannan fada ku ji amsar kowane ɓangare.

TAMBAYA: Wani ya ce zai samo mini bizar Turai a kan miliyan 2, rabi yanzu rabi in ta fito. Daga wani ɗalibi, jami'ar Tawa.

AMSA: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Ba a sayar da biza. Kuɗin neman ta Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ta gajeren zama yuro 90 ne tun Yunin 2024, kimanin jaka 59, kuma ba a mayarwa in an hana. Kai da kanka za ka je a ɗauki hoton yatsunka, ka kai inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin magani har yuro 30,000 da shaidar kuɗi da masauki. Abin da irin mutumin nan yake yi ɗayan biyu ne: ya ɓace da rabin farko, ko ya cika maka fayil da takardun banki na jabu. Na biyun ya fi muni, don hanin yana zama a rumbun kwamfutar da duk ƙasashen Schengen ke dubawa har shekara 5. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, duk mai cewa yana da mutum a ciki ka san da wa kake magana. Tun da karatu kake yi, fara da samun gurbi a wata jami'a, da takardar karɓa ake neman bizar ɗalibi.

TAMBAYA: Iyaye sun ba ni yara 7 in kai su karatun allo Sakkwato. Da ba a tambayar komai, yanzu an ce ana tsayarwa. Daga wani alaramma, Badagishiri.

AMSA: Allah ya gafarta Malam, ana tsayarwa, kuma da dalili. Dokar 2010 da muka ambata ta sa ci da barar wani cikin fataucin mutane, kuma tun bayan Maris 2022 da aka kwaso mabarata fiye da 1,000 daga Dakar, da yawansu yara, ido ya ƙara buɗewa a kan babba ɗaya mai tafiya da yaran da ba nasa ba. Jandarma a shinge ba ya iya gane niyya, takarda yake gani. Kowane yaro ya zama yana da takardar haihuwa. Wanda ba shi da ita a nema masa ta kotu tun yanzu, don tana ɗaukar lokaci. Kowane uba ya rubuta takardar yarda mai ɗauke da sunan yaro, sunanka, garin da za ku da tsawon zama, a buga mata hatimi a ma'aikatar magajin gari ko a komisariya, a manna kwafin katin uban da lambar wayarsa. Takarda ɗaya ga yaro ɗaya, kada a haɗa su 7 a shafi guda. Ka ƙara da katin rigakafi da sunan tsangayar da unguwar da take. Ranar tafiya ka gaya wa iyayen su bar wayoyinsu a kunne daga asuba har ku wuce Illela ta Najeriya, don jami'i yakan kira lambar nan take yana kallon yaron.